Ƙyallen Arezki

Kowa da abin da ke kai shi dajin nan na bisa gaɓar teku. Mutanen birni birai suke zuwa kallo, su yi hoto a kangon ganuwar Turkawa, su watsar da ɓawon lemo su kama gabansu. Ita kuwa Tasadit, tsohon zaitun na gefen kabarin waliyyi take zuwa dubawa. A reshensa ta ɗaura ƙyallen rigar ɗanta Arezki, shekarar da ya bar 'ya'yansa ya shiga kwalekwale zuwa Sifen aka daina jin ɗuriyarsa. A al'adar garin, wadda ta ɗaura ita ke kwancewa, ran da mai rigar ya dawo. Liman ya yi, dangi sun yi, ta bari a yi masa salla ko da babu gawa, ta ce muddin ƙullin nan na nan, ɗanta na da rai.

Rannan ta hau da ƙyar, gwiwa na ciwo, ta tarar da bishiyar tsirara, ko zare babu.

Lunis ɗan ƙanenta na tsaye da baƙi. An ba shi hula da usur ya zama mai zagayawa da su, sai washe baki yake. Shi da kansa ya shaida mata ƙungiyarsu ce ta yi aikin gayya, wai baƙi na ƙorafin tsummoki na ɓata musu hoto. Tsummoki fa! Da ɗan gari akan ci gari. Yaron da uwarsa ta ɗaura wa ƙyalle a reshen nan lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da shi.

"Ina kuka kai su?"

"Mun ƙona, Gwaggo. Ai camfi ne, ki yi haƙuri. Kawo wani in ɗaura miki ta baya, inda ba a gani."

Wata baƙuwa ta ɗaga waya za ta ɗauke ta hoto, Tasadit ta watsa mata harara, ba shiri ta sauke. Ta dafa reshen ta daɗe tana kallon teku.

"Ni ban kwance ba, kai ka kwance," ta ce. "Sauka ka gaya wa liman na yarda a yi wa Arezki salla. Kuma da bakin nan naka za ka faɗa wa 'ya'yansa, don ni ba zan iya ba."