Zaren da Tukur Ya Ƙona

Tukur ya zaro zare ɗaya daga bakin rigar, ya ƙyasta ashana. Ƙanensa Badruddeen ya matso yana leƙe, mai rumfar kuma ya juya wajen wani ciniki, don ranar kasuwar Ajingi ce.

Shekara goma sha ɗaya Tukur ke buga wa ƙungiyar manoman gyaɗa rigunan taronsu, da raga da fenti, a shagonsa na Gaya. Bana sai ga Badruddeen, wanda ya goya a wuya, ya dawo daga Kano da injin da ke manna hoto da zafi. Alhaji Datti, shugaban ƙungiyar, yana ganin fuskarsa raɗau a ƙirjin riga ya miƙa wa yaron aikin riguna ɗari biyu. Tukur ya ce Allah ya sanya albarka, amma tun ranar ko tuwo bai ƙara yi masa daɗi ba. Hassada ce, ya sani, kuma sanin bai rage masa komai ba.

Injin yana da sharaɗi guda: kalarsa yadin roba kaɗai take kamawa, a kan auduga wanki biyu ta zube. Badruddeen kuwa kwamfuta ya iya, bai san yadi ba, shi ya sa ya roƙi yayansa ya rako shi.

Zaren roba narkewa yake ya dunƙule. Wannan kuwa ya ci wuta ya zama toka. Auduga ce zalla. Tukur ya murje tokar da yatsu biyu.

"Yaya, ya ka gani?"

"Roba ce. Saya."

A motar komawa, dila biyu na rigunan suna but ɗin motar, Tukur ya jingina da taga yana hango fuskar Alhaji Datti ta koɗe a kan igiyar shanya. Baɗi da kansu za su zo suna sallama a ƙofar shagonsa. Har wani sanyi ya ji a ransa.

Sun bar gari kaɗan Badruddeen ya miƙo masa waya. "Yaya, duba zanen bayan rigar. Ya yi?"

A ƙarƙashin hoton buhun gyaɗa an rubuta da manyan baƙaƙe: Aikin Tukur Mai Bugu, Gaya.

"Wannan fa?"

"Ni wa ya san ni, Yaya? Sai da na ce wa Alhaji a ƙarƙashinka nake, ya yarda. Ya ce in dai kai ka zaɓi yadin, ko dubawa ba zai yi ba."

Tukur ya daɗe yana kallon sunansa. Sannan ya buga jikin motar.

"Direba, tsaya. Sauke mana kayanmu."

"Mantuwa ka yi, Yaya?"

"A'a," in ji Tukur. Ya so a ce don yaron ya tsayar da motar, amma shi ma ya san ba don yaron ba ne.