Hannun Injin Wilma

Sabo turken wawa. Tun rasuwar mijinta, Wilma ba ta da wurin zuwa da hantsi sai wani tsohon gidan caca a garin Reno na Amurka, gaban inji guda mai hannun ƙarfe a gefe. Sauran duk an maye su da na gilashi masu waƙa, waɗanda ake latsawa su tofo takarda maimakon tsaba. Ita kuwa ta ce latsawa aikin jarirai ne. Ja ake yi, jan ma da iyawa: a hankali har rabi, a ɗan tsaya, sannan a fizge.

Ran nan ta tarar Orval makanike ya jingina amalanke da injin. Tare suka tsufa a gidan, shi da makullai, ita da kofin kwabbai. Ya gaya mata manaja ya ce yau za a fitar da injin, an daina ƙera kayan gyaransa. Ta roƙe shi ya bar mata ko mako guda ne, don ba wanda ya san hannun nan kamarta, kuma jikinta ya ba ta injin ya kusa haihuwa, ya zubo mata kuɗi.

"Ke Wilma, ko giwa ce ai da ta haihu tuni," in ji Orval.

"Tsohon banza. Gwiwarka ma an daina ƙera kayan gyaranta, wa ya fitar da kai?"

Bai yi dariya ba. Gaskiya ɗaci gare ta, shi kuma ba mai sa mata sukari ba ne. Ya buɗe cikin injin ya ce ta leƙa. Hannun bai haɗu da fayafayan lambobi da ke juyawa ba. Sifirin ne kawai, wato murɗaɗɗiyar waya, da ɗan maɓalli. Ya ce injinan zamanin ubansa, masu haƙoran ƙarfe, su ake ja da gaske. Wannan kuwa ƙwaƙwalwar lantarki ke zaɓar lamba, ba ta san jiya ba, balle Wilma. An bar hannun ne don irinta.

"Tun yaushe ka sani?"

"Ni na ɗaura shi."

Ta daɗe tana kallon sifirin ɗin, ba ta sake roƙo ba. Ta ja kujera gefe ta ba amalanke hanya, ta ce wa Orval ya yi hankali da bayansa. Da ya wuce da injin ta zauna gaban filin da injin ya bari, jaka a cinya, don motar unguwarsu sai yamma take zuwa.