Wadda Ba Ta Fita

Buakham ita ce babba a tawagar matan Thailand ta kurket, wasan ƙwallo da sanda, kuma girman ya daɗe da mayar da ita ita kaɗai. A masauki yaran suna kwana bibbiyu, ita kuwa ɗakinta daban, don girmamawa. In ta shigo wurin cin abinci sai hira ta lafa, kowace ta haɗa tafin hannu a ƙirji ta sunkuyar da kai, a turo mata kwandon shinkafa mai danƙo ta fara ɗiba. Pi Kham suke ce mata, wato yaya. Har mai horar da su, Wilai, haka take kiranta, domin Buakham ce ta fara damƙa mata sandar bugu a filin wata makaranta a Lamphun, tun Wilai tana yarinya.

Abu ɗaya aka san Buakham da shi: ba a iya fitar da ita. Takan tsaya kamar an dasa ta gaban turaku ukun da in ƙwallo ya doke su an fitar da mai bugu, ta tare ƙwallo, ta sake tarewa, ta ɗan tura shi gefe ta ruga ta ci maki ɗaya. A shekarun baya, lokacin da manyan ƙasashe ke kakkaɓe musu masu bugu kafin rana ta take, wannan tsayuwar ce ta fid da su kunya. A kanta aka gina tawagar.

Da safiyar wasan ƙarshe, a wani fili bayan garin Chiang Mai, Wilai ta tara su a rumfa.

"Yau nasara kaɗai ba za ta ishe mu ba," in ji ta. "Tsakaninmu da baƙin nan, ƙasa ɗaya ce za ta wuce gasar duniya. Ko mun ci su, kunnen doki za mu yi a tebur, sai a duba wa ya fi saurin tara maki, kuma a nan suna gabanmu. Zagaye ashirin ake ba mu, kowane jifa shida. Duk abin da suka tara, dole mu kamo shi kafin zagaye na goma sha biyar ya ƙare. In muka wuce haka, mun ci wasa, su sun tafi gasa."

"Wato yau ba shafa, sai duka," in ji Jiap, wata ƙaƙƙarfar yarinya da ke ta uku a jerin masu bugu.

"Ke dai ki daki ƙwallon, ba iska ba," in ji Namwan, kyaftin ɗinsu. "Jiya har tsuntsaye sai da suka kai ƙararki."

Aka yi dariya. Wilai ta jira ta lafa.

"Saura abu ɗaya. Doka ta yarda mai bugu ta fita da kanta, ko ba a fitar da ita ba, sai dai ba ta dawowa. Duk wadda ta ji sandarta ta yi nauyi, ta ba na baya wuri. Ba laifi ba ne."

Ta dubi Jiap, ta dubi Namwan, ta dubi igiyar takalminta. Buakham ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar malama da ɗalibarta ta yi karatu daidai. Ko kaɗan ba ta kawo cewa da ita ake ba.

Baƙin ne suka fara bugu, suka tara maki ɗari da goma. Da rana ta karkata, Buakham da Namwan suka shiga buɗe wa tawagarsu, kamar yadda aka saba.

Namwan ta fara da zafi, ta aika ƙwallo ya tsallake igiyar bakin fili sau biyu. Daga nan sai baƙin suka sauya tsari. In Namwan ce gaban turaku, sai masu tsaro su ja baya can nesa, su bar mata maki ɗaya a banza. Tana rugawa ta ci, sun yi musayar wuri ke nan da abokiyar bugunta, ƙwallo ya dawo kan Buakham. Nan take sai su matso su kewaye ta, su toshe 'yan ƙananan hanyoyin da take turawa. Ta tare, ta tare, zagaye ya ƙare. Buakham ta ɗauka tsoronta suke ji. Ta gyara hular kwanonta tana jin daɗin yadda ƙwallo ke sauka a tsakiyar sanda.

A zagaye na takwas ta dubi allon maki, ta ga ko rabi ba su kai ba. Ta ce bari ta taɓa duka. Ƙwallon ya goge gefen sanda, ya tashi sama a hankali, ya nufi hannun wata mai tsaro, irin kamun da ko ɗan koyo ba ya kuskurewa, kuma in an cafe mai bugu ta fita ke nan. Buakham har ta soma juyawa za ta tafi. Yarinyar ta buɗe hannu, ta ja da baya taki ɗaya, ta bar shi ya faɗi a kan ciyawa. Babu wanda ya yi mata faɗa. Mai jifar ma murmushi ta yi.

"Yi zamanki, Goggo," in ji mai tsaron bayan turaku, tana tafa safar hannunta. "Ba mai korar ki. A kawo miki kujera ne?"

Buakham ta tsaya riƙe da sanda. Shekara da shekaru kowace tawaga burinta ta ga bayanta. Yau ga wasu sun same ta a hannu sun mayar. Ta waiwaya wajen rumfa. Yaran suna tafa mata a hankali, wai ta tsira. Jiap tana zaune a bakin benci, ta ɗaure kariyar ƙafa tun ɗazu, tana jijjiga gwiwa. Wilai tana tsaye, hannuwa a baya, idonta a ƙasa.

Da zagayen ya ƙare, Buakham ta taka zuwa tsakiya, Namwan ta tarye ta.

"Nong," in ji Buakham, yadda ake kiran ƙanwa, "me kika gani?"

"Kina ƙoƙari, Pi."

"Ba shi na tambaye ki ba. Ɗazu da aka kawo ruwa, Wilai ta aiko da saƙo?"

Namwan ta shiga daddanna ƙasa da bakin sandarta. "Ta ce a gaishe ki da rana."

"Shi ke nan?"

"Ta ce Pi ta fi kowa sanin wasa."

"Ke ce kyaftin. In da Jiap ce ta tsaya haka, me za ki ce mata?"

"Da tuni na kore ta da sanda." Namwan ta yi 'yar dariya, dariyar ta mutu a bakinta. "Amma Pi, ke kika koya mana. Da wane bakin?"

Buakham ta duba ko'ina. Fili ne cike da mutanen da suka san abin da ya kamata ta yi, daga baƙi har 'yan gida, har masu sayar da kwaɗon gwanda a bayan shinge. Waɗanda ke son ta zauna su ne abokan hamayya. Waɗanda ke son ta tafi su ne nata, kuma sun gwammace su rasa gasar duniya da su buɗe baki su faɗa mata. Ba ta taɓa jin filin ya yi mata faɗi haka ba.

Ta cire safar hannu, ta je wurin alƙalin wasa.

"Zan fita."

"Ciwo ne?" ya tambaya. "In ciwo ne, kina iya dawowa."

"Lafiyata ƙalau."

Ya dube ta, ya ɗaga kai alamar ya ji. Mai tsaron bayan turaku ta daina tafa safarta.

Tafiyar daga tsakiya zuwa igiya tana da tsawo ga wanda ba a fitar ba. 'Yan kallo suka rasa ko su tafa mata ko su bari. A bakin igiya ta haɗu da Jiap. Yarinyar ta tsaya za ta haɗa hannu ta gaishe ta, sanda na zamewa daga hammatarta.

"Bar gaisuwa, lokaci na tafiya," in ji Buakham. "Mai jifar nan tana saukar da shi gajere. Ki jira shi, kada ki bi shi."

A rumfa yaran suka matsa suka bar mata rabin benci. Ta zauna a ƙarshensa. Wata ta ajiye mata ruwa a gefe ta koma da baya.

Daga nan ta kalli sauran wasan. Jiap ta kuskure na farko, ta kuskure na biyu, na uku kuwa sai da aka je nemansa cikin gonar ayaba. Aka fitar da Namwan, wata ta shiga, aka fitar da ita, wata ta shiga. Ba wadda ta daɗe, amma allon yana ta juyawa. Ana cikin zagaye na goma sha biyar Jiap ta zabga wani ya bi ƙasa ya taɓa igiya, makin da ake nema ya cika, sai benci ya watse, yaran suka kwasa a guje cikin fili.

Wilai ce kawai ba ta ruga ba. Ta zo ta durƙusa kusa da Buakham, don kada kanta ya fi na yayarta tsawo.

"Pi, na so in faɗa miki tun da safe."

"Kin faɗa. Ni ce ban ji ba." Buakham tana kwance maɗaurin kariyar ƙafarta a hankali. "In kun je gasar, Jiap ta buɗe tare da Namwan. Ki sa ta rage bin ƙwallon waje."

"Ke fa?"

"Ni na gama, Nong. Kin ga na rage miki wahalar faɗa."



Can a tsakiyar fili yaran sun daina tsalle. Sun jeru a layi ɗaya don su haɗa hannu su gode wa fili da 'yan kallo, kamar yadda suke yi bayan kowane wasa. A farkon layin sun bar gurbin mutum ɗaya. Suna tsaye cikin rana suna satar kallon rumfa, kuma ba wadda ta iya ɗaga murya ta kira ta. Buakham ta ɗan jira ko wata za ta yi. Da ta ga za su iya kaiwa magariba a haka, sai ta jingine sandarta a benci, ta tashi ta nufe su.