Kwalin da Ya Rame

Tun ranar da likita ya hana Baba Tela shan zaƙi, Auta ta zama 'yar sanda a gidanta. Ita ta ɗauko shi daga asibiti da ciwon suga, ta gyara masa ɗakin da ke kusa da kicin, ta kuma bugi ƙirji gaban yayyenta cewa ba zai sake kwanciya ba muddin yana hannunta. Auta kuwa in ta kafe a kan abu, ko tsohon jaki albarka.

Tana da tsarinta na lemon kwali, kuma bai taɓa saɓawa ba. Kwali ɗaya lita ɗaya ne, kofi huɗu cif. 'Yan biyunta su sha kofi ɗai-ɗai yau kafin makaranta, gobe su ƙarasa. Sai ga shi wata safiya kofi na huɗu ya tsaya ko rabi bai kai ba. Ta ce ƙila hannunta ne ya yi nauyi jiya. Kwali na gaba ma haka, na bayansa ma haka. To yara suna makaranta, maigidan ya yi tafiya, ita tana wurin aiki. Wa ke wuni da firij? Ai wannan ba sai an yi dogon bincike ba.

Ta sami Baba a falo yana ɗinka maɓallin rigar jikansa. Ba ko kwana-kwana ta ce masa ta gane, kuma in shi bai damu da ransa ba, su sun damu. Tsohon ya ɗago, allura a hannu.

"Wallahi, Auta, ban sha ba. Kwalin ne ya rame."

Dariyar takaici ta kufce mata. Wai kwali ya rame! Ya ce shekara arba'in yana auna ƙugun mutane, idonsa ba ya ɓata a kan faɗi. Ta ce masa ko yaran nan ba za su kawo wannan uzurin ba. Washegari ta zagaye firij da sarƙa, ta danna kwaɗo a gabansa, ta jefa makullin a jaka. Kwana uku duk abin da ta faɗa, amsarsa "to".

Ranar Asabar ta je babban kanti sayayya. A layin lemo ta tarar da wata mai jera kaya tana sauya takardun farashi. Auta ta ɗauki kwalinta na kullum, mai hoton lemo an yanka biyu, ta duba kuɗin: yana nan yadda ta san shi. Amma a ƙasan takardar, cikin ƙananan rubutun da ba wanda ke karantawa, an sa farashin lita ɗaya, kuma ya fi kuɗin kwalin. Ta nuna wa matar, ta ce sun yi kuskure.

"Ba kuskure ba ne, Anti. Ai yanzu bai cika lita ba. Mililita ɗari takwas da hamsin ne, tun watan jiya."

Matar ta juya kwalin ta ɗora farce a gindinsa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Tsawon bai canza ba, hoton bai canza ba, kuɗin bai canza ba, gefe da gefe kawai aka matse. Matar ta ci gaba da cewa haka kamfanoni ke yi yanzu, maimakon su ƙara kuɗi a yi surutu sai su rage kaya a yi shiru. Auta ba ta ƙara jin komai ba. Sai innalillahi take maimaitawa. Ubanta ya rantse mata da Allah, ita kuwa ta sa masa kwaɗo kamar ɓarawo. Nan ta bar keken kayan a tsakiyar layi ta fita.

Ta tarar da ɗakinsa a share, an ninke bargo, babu jaka, babu gwangwanin allurai. 'Yan biyu suka ce Kawu ne ya zo da mota, Kaka ya kira shi. A kan teburin kicin, gefen firij mai sarƙa, kwali biyu ne a jere: tsohon da ya yanke wa baki yake tara maɓallai, da sabon da ta yar a shara. Ga tef ɗin awo a miƙe, Baba ya auna faɗin kowane kwali ya ja layi biyu da allin tela, tsakaninsu kamar faɗin yatsa.

Ta kira wayar yayanta, ta roƙa a ba ta Baba. Ta ce ya yafe mata, gaskiyarsa ce, yanzun nan ta gani da idonta a rubuce a jikin kwalin, ya dawo don Allah za ta cire kwaɗon.



"Na yafe miki, Auta," in ji shi. "Amma ki bar ni a nan. Da na rantse ba ki yarda ba, sai da kwali ya ba da shaida."