Hannu a Kunne

Anti tana cikin waya da shugaban makarantar da ya ba su ɗinkin jakunkuna sai Tafinta ta leƙo ofis, gyalenta a kafaɗa.

"Anti, ni zan wuce. Gobe da safe motarmu za ta tashi."

Anti ta ɗaga mata yatsa, alamar ta dakata. Tafinta ta dakata, don duk wanda ya yi aiki da Anti ya ƙware a jira.

Da can a banki Anti take aiki. Rana ɗaya ta ajiye kujera mai juyawa da ɗaki mai sanyi, ta kama wannan shago, ta zuba kekunan ɗinki, ta ɗauki mata kurame waɗanda ba wanda ya yarda ya ba su aiki. Har yau idan aka tambayi mahaifiyarta me 'yarta take yi, sai ta ce, "Tana nan dai." Ƙawayen banki kuwa tun suna kira har suka gaji.

Shago ya tsaya da ƙafarsa, wannan ba musu. Sai dai maganar hannu, wadda Anti ta yi ta cewa za ta koya idan ta samu sarari, ba ta wuce "sannu" da "ya yi kyau" da "yi sauri" ba. Sauran duk Tafinta ce bakinta, ita ce kunnenta. Ga shi an yi wa mijin Tafinta canjin wurin aiki, kuma ba a samu madadinta ba. Daga gobe Anti za ta wuni da mutanen da ta bar komai dominsu, ba ta jin su, ba sa jin ta.

Anti ta katse kiran. Ta gilashin ofis tana hango su zaune a tabarma tsakanin kekuna, suna cin abincin rana, hannuwa na ta tashi. Babbarsu, wadda ake kira Mai Almakashi, ta dunƙule hannu ta kai kunne, ta juya kafaɗa. Sauran suka tuntsire da dariya.

"Wannan fa?" in ji Anti. "Kullum sai na ga sun yi shi."

Tafinta ta gyara gyale, ta sake gyarawa. "Sunanki ne, Anti."

"Sunana?"

"Ai su ba ruwansu da sunan yanka. Sai su dubi mutum, abin da suka fi ganin sa da shi, su raɗa masa. Ni wushiryata ce." Ta taɓa haƙori da farce. "Ke kuma..."

"Waya."

"Waya, da juya baya." Ta yi saurin ƙarawa, "Wallahi ba zagi ba ne. Ba sa raɗa wa bare suna."

Anti ta yi murmushi, amma abin ya soke ta har ƙahon zuci. A bangon ofis ga hotonta a wurin taro, tana riƙe da lambar yabo, an rubuta a ƙasa wai ita ce muryar marasa murya. Ta raka Tafinta bakin ƙofa, suka rungumi juna, ta tsaya har ta ga ta sha kwana.

Da ta dawo ba ta koma ofis ba. Ta ɗauko kular abincinta, ta ajiye wayar a kan teburin yanka, ta cire takalmi ta zauna a gefen tabarmar. Nan take hannuwa suka sauka. Kowa ta sunkuya kan kwanonta. Anti ta saba da shirun shagon nan, amma ba ta taɓa jin irin wannan ba, kuma ta san ita ta zo da shi.

Wayar ta fara rawa a kan tebur. Mai Almakashi, wadda ta jingina da ƙafar teburin, ta ji girgizar a bayanta. Ta nuna wayar da haɓa, ta matsa don ta ba Anti hanya.

Anti ta girgiza kai. Ba ta da kalmar da za ta ce ba za ta tashi ba. Sai ta nuna ƙirjinta, ta dunƙule hannu ta kai kunne, ta juya kafaɗa.

Ba wadda ta yi dariya. Suka kalli juna, wata ma ta rufe baki da tafi. Mai Almakashi ta daɗe tana duban ta. Sannan ta goge hannunta a zane, ta miƙo, ta kama gwiwar hannun Anti ta ɗaga sama, ta tura mata kafaɗa har fuskarta ta koma bango gaba ɗaya. Ashe ko sunan nata ba ta iya faɗa daidai ba.

Wayar ta ci gaba da rawa. Anti ta juyo, idonta ya ciko, ta sake gwadawa. Mai Almakashi ta taɓe baki, ta kaɗa hannu, alamar da saura, ta kuma kama mata gwiwar hannun.