Ɗan Fari a Jirgin Shata

Shekara shida ina aiki a jirgin shata, irin ƙananan nan masu kujera takwas da masu hannu da shuni ke ɗauka idan ba su son bin layi da sauran bayin Allah. Aikina hidimar fasinja ne: in shimfiɗa, in zuba shayi, in yi murmushi, in kama bakina. Na ga abubuwa iri-iri. Na ɗauki mutumin da ya hana mu tashi don ba a kawo masa kilishin da ya saba ci ba. Na ɗauki Hajiyar da ta ba akwatin gwala-gwalanta kujera guda, ta ce in ɗaura masa bel. Sunana Halimatu Sadiya, 'yar unguwar Damba ce ni a Gusau, shi ya sa duk lokacin da aikin gida ya faɗo ni kamfani ke turawa, wai na san halin mutanena. Ni ma a da haka nake zato.

Wata Talata cikin damina aka ce mu tashi daga Abuja mu ɗauko marar lafiya a Gusau. Wanda ya yi shatar Alhaji Mahadi ne, wanda ya fara da safarar shanu zuwa kudu har ya mallaki tireloli. Marar lafiyar kuwa mahaifiyarsa ce, Inna Ma'u, da ke zaune a wata ruga bayan Bungudu. Zuciyarta ce ta gaza, ruwa ya taru mata a ƙirji. Likitocin Gusau sun ce sai an kai ta Abuja a ranar, kuma ba za ta iya jure awa bakwai ko takwas a mota ba.

Alhaji da kansa ya biyo mu, tare da wani likita da tukunyar iskar numfashi. Tun da ya shigo na ga ba irin waɗanda na saba ɗauka ba ne. Bai tambayi abinci ba, bai ɗauki hoto ba. Doguwar kujerar da na mayar gado ita ya tsaya a kai, ya danna matashin da tafin hannu, ya sa na ƙara bargo, sannan ya nuna kujerar da ke fuskantar gadon.

"Nan za ni zauna in mun ɗauko ta," in ji shi.

Muna sama ya juya kofin shayinsa ya fi sau goma bai kurɓa ba. Can ya ce, "Malama Sadiya, ni na ɗanta na fari. Tun da anka yaye ni anka miƙa ni ga baffana a Gusau. Shekarata hamsin da biyu, ban taɓa zama ɗaki ɗaya da ita na awa guda ba. In na je gaisuwa, daga bakin ƙofa nika durƙusawa, ƙanwata ka amsa mini."

Ya yi ɗan murmushi. "Yau dai ba ta da wurin gudu."

Na ji, na kuma gane. Wa ya tashi a ƙasarmu bai san kunyar ɗan fari ba? Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta miƙe ƙafa inda yake, balle a gidan Fulani inda abin ya fi tsanani. Amma zaman Abuja ya lalata ni. Na ce a raina ciwo ya fi ƙarfin kunya, wanda numfashi ke yi wa wuya ina ya ga ta al'ada. Sai na ce masa Allah ya ba ta lafiya, na ɗauke kofin.

Mun sauka Gusau wajen sha biyun rana. An yi ruwa da safe, ciyawar gefen filin ta yi shar, zafi mai gumi ya taso daga kwalta. Motar asibiti na jiranmu. Aka fito da Inna Ma'u, 'yar siririyar tsohuwa fara, ƙafafunta sun kumbura, tana jan numfashi da ƙyar. 'Yarta Zuwaira, ƙanwar Alhaji, na riƙe da ƙullin kayanta. Ma'aikata biyu suka tallabo ta suka hau matakala da ita, ni kuma na tarbe ta da harshen gida.

"Sannu Inna. Ga shimfiɗa nan, ki kwanta ki huta."

Ta dube ni, ta dubi fatar kujerun da darduma mai laushi, ta ce, "Ɗiyar wa ta ke?" Na faɗa mata sunan gidanmu. Ta gyaɗa kai, ta fara karkata za ta kwanta. Daidai nan Alhaji ya shigo ya zauna a kujerarsa, gwiwarsa saura kaɗan ta taɓa gefen gadon.

Inna ta miƙe zaune cak. Ta ja mayafinta ta rufe fuska har haɓa, ta juya wajen bango, ta tattara kumburarrun ƙafafunta ta cusa ƙarƙashin zane.

Likita ya matso da robar numfashi zai sa mata. Ta ture hannunsa a hankali. Ya sake, ta sake turewa. Ya juyo gare mu ransa a ɓace, ya ce idan ba ta jingina ta sa robar nan ba, ba zai yarda a tashi da ita ba, domin a sama iska ta fi ƙaranci. Shi ba ɗan ƙasarmu ba ne, ya ɗauka tsoron jirgi ne ya kama ta, har yana ce mini in gaya mata jirgi ya fi mota aminci.

Alhaji ya tashi ya koma kujerar ƙarshe, can kusa da makewayi. Bai yi amfani ba. Jirgin duka bai fi ɗakin zaure ba, babu labule, babu lungu. Zuwaira ta durƙusa tana lallashin Inna da Fillanci. Inna ta ƙara ƙanƙame mayafin, yana shiga yana fita a kan bakinta. Na je gaba na roƙi Kyaftin Bashiru, matuƙinmu, ko zai bar Alhaji ya zauna a wajensu. Ya ce kujera biyu ce a can, ta shi da ta mataimakinsa, kuma doka ba ta yarda ba. Ya ƙara da cewa hadari na haɗuwa a kan Abuja, idan muka wuce minti ashirin a ƙasa, sai dai mu jira ya wuce, kuma bai san yaushe ba.

Na dawo na tarar Zuwaira ta ɗago kai tana dubana, hawaye na zuba. Ta san maganar da ya kamata a faɗa, amma yayanta ne, ba za ta iya ba. Likita bai san ta ba. Ni kaɗai na rage, ni da aka horar a kan kada in taɓa ce wa mai shata a'a.

Na ce, "Alhaji, don Allah ina son magana da kai a waje."

Muka tsaya a gindin matakala, rana na dukanmu.

"Ranka shi daɗe, muddin kana ciki ba ta kwantawa."

"Na koma baya ai."

"Ta san kana nan."

Ya kalli fiffiken jirgin. "Awa guda ta, Malama Sadiya. Ba ni magana. Ba ni ko dubinta. In kin so ki rufa mini bargo bisa kai."

Wallahi tausayinsa ya kama ni har na ji kamar in janye maganar. Mutum mai tireloli, ga furfura a gemu, yana roƙon 'yar aikin jirgi ta bar shi ya zauna kusa da uwarsa. Amma ina jin numfashin Inna daga inda nake tsaye.

Na ce, "Ko kai ko robar, Alhaji. Ba ta ɗaukar duka biyu."

Ya ciro waya ya kira direban gidansa na Gusau ya ce ya kawo mota, za su bi hanya. Ya zare agogonsa ya duba, ya mayar. Ya ce in ce wa Zuwaira ta riƙe wa Inna hannu lokacin tashi, in kuma kira shi da zarar mun sauka. Bai sake hawa matakalar ba. Da na ja ƙofa zan rufe, yana tsaye inda na bar shi, hularsa a hannu.

Na koma na ce, "Inna, ya sauka."

Ta ɗan ɗaga mayafin ta duba kujerar gaba, ta duba ta baya. Sai ta saki jiki ta jingina, ta miƙe ƙafafu, ta bar likita ya sa mata robar. Kafin mu ɗaga sama numfashinta ya fara daidaita. Likita ya dube ni kamar na yi tsafi.

Bayan minti goma ta yafito ni. Ta janye robar gefe.

"Ina yab bi?"

"Hanyar Tsafe, Inna. A mota."

Fuskarta ta canja. Kowa ya san abin da hanyar nan ta zama a shekarun nan, ba mai binta da kwanciyar rai. Ta ce in ɗaga ta ta gani. Muka tallabe ta ni da Zuwaira har ta kai ido ga taga. A ƙasa babu komai sai koren gonaki, da duwatsu, da wani siririn layi da yake ɓacewa a ƙarƙashin gajimare. Ban san ko hanyar ce ba, amma na nuna mata na ce ita ce.

Ta daɗe tana kallo, bakinta na motsi. Da muka mayar da ita kan matashi ta ce, "Bai ci komi ba. Na ga leɓonshi. Tun shina yaro in ranshi ya ɓaci ba ya cin abinci, baffanshi ka aiko mini." Ta numfasa. "Kuma ya rame. Wannan rigar ta yi mishi yawa."

Na yi mamaki, don a ganina ko sau ɗaya ba ta dube shi ba. Zuwaira ta ce ita ma ba ta taɓa jin Inna ta yi maganarsa mai tsawon haka ba.

"Ki ce mishi shi tsaya shi ci abinci," in ji Inna. "Kada ki ce ni nac ce."

Na ce to. Likita ya mayar mata da robar, ta lumshe ido, hannunta cikin na Zuwaira. Na zuba wa Zuwaira ruwa, na zauna na ɗaura bel, ina ta yi wa kaina barka a zuci. Na ce yau dai na yi aikin da ya fi zuba shayi.

Mun fara gangarowa Abuja, hadarin na gefenmu baƙi ƙirin, sai na'urar da likita ya maƙala mata a yatsa ta soma ƙara. Ya kwance bel ɗinsa ya durƙusa a kanta. Ya yi duk abin da ya sani, ina miƙa masa abin da ya nema, Zuwaira na maimaita mata kalmar shahada a kunne. Tayoyinmu ba su taɓa ƙasa ba sai da ya ɗago ya girgiza kai. Zuwaira ce ta shafe mata ido ta ja mayafin.

Jirgi ya tsaya, injin ya mutu. Ga motar asibiti can tana jira da fitilarta. Ban kai ga kunna wayata da kyau ba kiran Alhaji ya shigo. Na miƙa wa Zuwaira, ta girgiza kai ta kifa fuska a gwiwa. Na fita bakin ƙofa na ɗauka.

"Kun sauka? Mu yanzu munka shigo Tsafe."

Ina jin hayaniyar 'yan talla da hon ɗin motoci a bayansa. Na yi sallama, na ce, "Alhaji, sai haƙuri. Allah ya yi wa Inna rasuwa, muna gab da sauka."

Ya yi salati a hankali, sau biyu. Na ji ya ce wa direba ya tsaya gefe. Na jira ya ce ni na raba shi da ita, don gaskiya ce, ni na sauke shi. Da ya zage ni a lokacin da na ji sauƙi.

Abin da ya ce shi ne, "Ta kwanta?"

"Ta kwanta, Alhaji. Ta miƙe ƙafa, ta sa robar, har barci ya ɗan ɗauke ta."

"To, alhamdu lillahi. Da ina ciki, zaune za ta cika."

Nan kuka ya ƙwace mini, ni da ya kamata in ba shi haƙuri. Inna ta ce kada in ce ita ta ce, na kuma amsa mata da to. Amma ban iya riƙewa ba, Allah ya yafe mini.

"Ta ba ni saƙo. Ta ce ka rame, rigarka ta yi maka yawa. Ta ce ka tsaya ka ci abinci."

Da ya amsa, muryarsa ta zama ta wani mutum daban.

"Ita tac ce haka? Da bakinta?"

"Da bakinta."

"Ashe ta dube ni."

Na ce ta dube shi. Ya ce in sake faɗa masa yadda ta faɗa, kalma bayan kalma, kada in rage komai. Na tsaya a bakin ƙofar jirgin, yayyafi ya fara sauka, na faɗa masa tun daga farko. Da na gama ya ce in sake.