Faɗin Taya

Waino Kangas ya durƙusa da ƙyar a gefen jar motar, ya haska 'yar tocilarsa, ya karanto lambar faɗin da ke jikin sabuwar tayar kamar mai karanta sammaci.

"Ɗari biyu da saba'in da biyar. Brent, wannan taya ce ko katifa?"

Brent Haugland ya yi dariyar yaƙe. Shekara tara suna maƙwabtaka a ƙarshen wani layi da ke gangarowa bakin tafki a garin Duluth, kuma ko ƙusa Brent ya saya sai tsohon ya leƙo gareji ya faɗi ra'ayinsa. Waino ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa motar share ƙanƙara kafin idonsa ya raunana ya ajiye tuƙi gaba ɗaya. Tun Satumba yake nanata magana guda: motar nan da ƙafafun baya take turawa, in sanyi ya shigo a rage mata wili, ƙarfen da taya ke zama a kai, zuwa inci sha takwas, a sa siririyar taya, ɗari biyu da ashirin da biyar. Siririya yanka dusar ƙanƙara take yi har ta taɓo kwalta. Mai faɗi kuwa hawa kanta take yi, ta yi ta iyo.

Ba wai Brent bai ji ba. Har shagon taya ya je da lambar a rubuce, aka gwada ƙaramin wilin, ya zauna daram. Sai ya ja da baya ya ƙare wa motar kallo, motar da ya yi shekara ashirin yana mafarkinta, ya ga ta koma kamar ƙato mai ƙafar kaza. Nan take ya ce a cire, a sa masa tayar sanyi mai faɗin ta bazara.

"Ƙaramin wilin bai shiga ba, tsoho," ya ce. "Ƙarfen birkin ya yi girma, gogawa yake yi."

Waino ya zura yatsu tsakanin wilin da birkin, ya ɗan jima a haka. Sannan ya dafa motar ya miƙe, ya ce to, ai masu shago sun fi shi ido yanzu. Ya tafi gida cin abinci.

A mako na biyu na Disamba, ranar Alhamis, ƙanƙara ta fara sauka tun safe ba ƙaƙƙautawa. Joleen, matar Brent, ta fita aiki da babbar motar gida, shi kuma yana ɗaki yana zanen gini a kwamfuta. Ƙarfe biyu da rabi aka buga ƙofa. Marlys ce, matar Waino, ba rigar sanyi, da silifas a ƙafa.

Ta ce tsohon ya fita share ƙanƙara da shebur, ya dawo ya zauna a kicin yana riƙe da hannun hagu. Ta kira motar asibiti, an ce motocin asibitin duk suna babban titi inda motoci suka yi karo da juna, a ba su minti arba'in, wataƙila fiye. Asibiti kuwa tafiyar minti goma ce daga saman layin.

Brent ya same shi fuska fara fat, gumi na tsiyaya daga goshinsa, amma bakin bai mutu ba. Yana ta cewa gyaɗar da ya ci ce ta tsaya masa, mata dai da son hayaniya. Kujera biyu ce a motar, don haka Marlys ta tsaya gida kusa da waya. Ta naɗa wa mijinta gyale a wuya, ta ce masa kada ya kuskura ya koya wa likita aikinsa.

Daga ƙofarsu zuwa titin da aka share, hawa ne na gida goma sha biyu kacal. Brent ya wuce gida huɗu lafiya. A na biyar bayan motar ya fara karkarwa, tayoyin suka kama kuka, motar ta tsaya cak tana juya gindi hagu da dama.

Waino, ido a rufe, ya shiga ba da umarni kamar yana bakin aiki. A koma ƙasa. A sa giya ta biyu. A ɗage ƙafa daga totur, ba gasar tsere ake ba. Brent ya sulala baya, ya sake tasowa, ya kai gida na shida. Karo na uku ya kai na bakwai, sai motar ta zame a hankali, a hankali, ta kifa gindinta cikin tudun ƙanƙarar gefen hanya.

Ya fito ya haƙa da hannu, don ko safar hannu bai ɗauko ba. Ya ciro shimfiɗun ƙasan mota ya cusa ƙarƙashin tayoyin. Da ya danna totur, tayoyin suka tofar da su baya kamar ɓawon ayaba. Ya buga ƙofa biyu, ba kowa, duk suna wurin aiki. Ya dawo ya zauna yana haki, agogon mota na nuna an ci minti sha tara.

"Yatsu biyu na sa tsakanin wili da birki ranar nan," Waino ya ce, murya can ƙasa. "Da na so, na ukun ma zai shiga."

Brent ya riƙe sitiyari, ya kasa juyowa.

"Na sani, tsoho."

"Ta dai yi kyau, ba ƙarya. Kada ka danna, yaro. Lallaɓa ta."

Ya lallaɓa ta. Ba ta motsa ba. Daga nan Waino bai ƙara magana ba, sai numfashi mai gurnani, Brent kuma yana riƙe da hannunsa yana kiran sunansa. A minti na talatin da huɗu jan haske ya bayyana a saman layin, mutum biyu suka gangaro a ƙafa da gadon ɗaukar marasa lafiya, suna nutsewa har gwiwa.

Waino ya rasu kafin rana ta faɗi. A barandar asibiti Brent ya tare likitar, wata doguwar mata da gajiya ta cika wa ido, ya tambaye ta da an kawo shi rabin awa kafin haka fa. Ta dube shi, ta dubi yatsunsa da aka naɗe da bandeji, ta ce wataƙila, wataƙila kuma a'a, irin wannan ba mai iya rantsewa a kai.

Wannan wataƙilar ita ta bi shi gida. Ya ja motar gareji ya rufe, bai sake buɗe ƙofar ba. Joleen ta ɗauka baƙin ciki ne kawai, ta riƙa shafa masa baya tana cewa ya yi iya yinsa.

Bayan jana'iza aka sauka ɗakin ƙasa na cocin unguwar, inda matan unguwa suka jera kofi da burodi mai zaƙi da gasasshen dankali da cuku. Marlys ta kama hannun Brent ta riƙa zagayawa da shi tebur tebur, tana nuna bandejin, tana cewa ga wanda ya haƙa ƙanƙara da yatsunsa saboda Waino. Tsofaffin abokan aikin marigayin suka yi ta bubbuga masa kafaɗa. Ɗaya daga cikinsu, wani mai ƙaton ciki da ake kira Duane, ya ce ranar ko tankar yaƙi sai ta yi addu'a kafin ta hau layin nan. Sai ya ƙara da cewa ai ya san Waino ba zai bar maƙwabcinsa ya shiga sanyi da tayar banza ba, mutumin da ko a wurin bikin aure sai ya duba tayar ango. Aka yi dariya. Brent ya ce zai shiga banɗaki, ya je ya tsaya a bakin famfo har kofinsa ya huce.

Kwana uku yana share wa Marlys ƙofar gida da sassafe, ya gudu kafin ta leƙo. A rana ta huɗu ta riga shi. Ta buɗe ƙofa ta ce ya shigo, ba ta son a ce ta bar mutum ya daskare a farfajiyarta.

Kicin ɗin na nan yadda yake, kujerar Waino a ture gefe. Brent bai zauna ba. A tsaye, da hularsa a hannu, ya faɗa mata komai: shawarar tsohon, ƙaramin wilin da ya zauna daram, ƙaryar birki, da abin da likita ta ce. Ya ce bai cancanci abin da ta faɗa a coci ba. Ya ce motar ce ya ga ba ta yi kyau ba, shi ke nan dalilin, ba wani.

Marlys tana tsaye a bakin murhu, ta ba shi baya, har ya gama.

"Tun Oktoba na sani," ta ce. "Ranar ya shigo yana dariya, ya ce yaron nan ko ƙarya bai iya ba. Lokacin da na buga maka ƙofa, na san irin tayar da ke ƙafar motarka. Kai kaɗai ne mai mota a layin a lokacin."

"To me ya sa a coci kika…"

"Abin da na faɗa a coci gaskiya ne. Wannan ma gaskiya ne."

Ta juyo. Idonta a bushe yake, kuma hakan ya fi masa kuka ciwo.

"Ina tsaye a tagar nan na ga ya ɗauki shebur. Likita ya hana shi tun bara. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ce yau dai na gaji da faɗa, na koma wanke-wankena. Don haka kada ka kawo min naka ka ce in sauke maka, Brent. Nawa ma ban san inda zan ajiye shi ba."

Ya tsaya yana murza hular. Ya so ta zage shi, ko ta ce ba komai, ko ta kore shi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce ya zauna, tsayuwarsa na sa mata jiri.

Ta sauko da kofi biyu daga kanta, hannunta na aikin da ya saba shekara hamsin ba tare da ta duba ba. Ɗaya ta zuba masa madara, ɗayan ta bar shi baƙi ƙirin, ba ko sukari, yadda Waino yake sha. Sai da ta ajiye su a tebur ta tsaya tana kallon baƙin. Ta jima. Sannan ta tura shi gaban Brent da yatsa ɗaya.

Brent bai taɓa iya shan kofi ba madara ba. Ya ɗauka da hannu biyu, bandejin na jin ɗumin, ya kurɓa. A waje ƙanƙara ta soma sauka kuma, siririya, tana rufe rabin hanyar da ya share.